Matar da Ke Ƙarƙashin Tafki

Direban bas ya taka birki a mahaɗar Port-Royal, sai Norbert Cazal ya ƙara ƙanƙame abin da ya naɗe a cikin bargo, ya tokare kafaɗarsa da ƙarfe don kada ya faɗi. Wata matashiya ta miƙe ta nuna masa kujerarta. Ya girgiza kai. In ya zauna dole ya ajiye zanen tsakanin takalman mutane, shi kuwa tun da ya sauke shi daga bangon ɗakin cin abincinsu da safe bai bari ya taɓa ƙasa ba.

Shekararsa saba'in da huɗu, hamsin daga ciki a lambunan Paris ya ƙarar da su, tsaye gaban ƙyalle da buroshi a hannu. Irin zanen nan yake yi da tsofaffin masu zanen ƙasar suka bari, wanda ba ruwansa da jan layi ko ƙirga ganyen bishiya. Haske ake bi, a ɗora launi kusa da launi cikin sauri kafin rana ta gusa. In ka matsa kusa sai ka rantse ɓarin fenti aka yi. In ka ja da baya taku biyar sai ruwa ya fara motsi, mata su bayyana a kan kujeru, kare ya ratsa ciyawa. Mutanen Norbert ba su da fuska. Ɗigo biyu, ɗaya na hula ɗaya na riga, ya gama da mutum.

Sau ɗaya tak ya taɓa zana fuska a rayuwarsa, ta matarsa Odile, shekarar da suka yi aure. Kwana goma sha ɗaya ta zauna masa da jar riga a bakin taga. Wannan zanen ne kuma ta tambaya jiya da yamma daga kan gadon asibiti, jim kaɗan bayan likita ya ja Norbert gefe ya ce masa a daina ƙirga makonni, kwanaki ne suka rage.

"Gobe ka zo mini da zanena," ta ce. "Mai jar rigar nan."

"Ai kin san yana Nantes, a ɗakin ajiyar gidan yayana."

"Nantes ba ƙarshen duniya ba ce. Ina so in gan shi, Norbert."

Zanen bai taɓa taka Nantes ba. Ƙarya ce Norbert ya yanka shekara arba'in da shida da suka wuce, ya yi ta yi mata faci duk lokacin da ta yage: yau rufin gidan ne ke yoyo an matsar da kaya, gobe matar yayan ce ta ɓatar da mabuɗi. Har yayan ya mutu aka binne shi, ƙaryar tana nan da ƙafafunta. Odile kuwa tana cikin bargon da ya rungume a bas, ƙarƙashin zanen tafkin Lambun Luxembourg da ƙananan jiragen wasan yara, zanen da duk wanda ya shigo gidansu yake tsayawa a gabansa ya manta da miyarsa.

Wata Litinin ce ta watan Yuni, shekarar da suka yi aure. Odile ta tafi Limoges duba mahaifiyarta. An yini ana ruwa, da ƙarfe huɗu ya ɗauke, rana ta keto ta ƙarƙashin gajimare, ya leƙa ta taga ya ga irin hasken da mai zane ke jira shekara goma. Ya dudduba, babu sabon ƙyalle ko ɗaya, shagon da yake saye kuma ba ya buɗewa ranar Litinin. Zanen Odile yana jingine da bango, kwana ashirin da gamawa. Ya ce wa kansa ita ai tana nan kullum, gobe ma sai ya sake mata wani, hasken kuwa awa guda ne. Ya suri zanen ya sauka da gudu, ya je ya zana tafkin a kan fuskarta. Goben ce ba ta zo ba har yau.

Norbert ya sauka daga bas a Gobelins, ya shiga wani lungu, ya buga ƙofar Maryse da gwiwar hannu. Maryse mai gyaran tsofaffin zane ce, tare suka yi makarantar zane, kuma tun a can ba ta iya tauna magana ba. Ta buɗe da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi, tana tsotsar alewar da ta maye mata gurbin taba.

"A'a! Yau kuma lambun aka rufe? Shigo, tsoho. Ya jikin Odile?"

"Da sauƙi," ya ce, don haka ake cewa.

Ta kalle shi, ba ta ƙara tambaya ba. Ta share masa wuri a kan babban tebur, ya shimfiɗa zanen ya yaye bargon. Ta sunkuya tana murmushi.

"Wannan ai na san shi. Shi kaɗai ne a cikin tarkacenka nake yi wa hassada. Me ya same shi? Ban ga ko ƙwarzane ba."

"So nake ki cire shi."

"In cire me?"

"Tafkin. Duka. Akwai wani zane a ƙasa, shi nake so. Yau."

Ya faɗa mata komai a tsaye, hularsa a hannu, idonsa a kan kwalaben da ke jere a kanta. Shi ne karon farko da maganar ta fito daga bakinsa, kuma ya yi mamakin gajartarta. Abin da ya ɗauka a ƙirji shekara arba'in da shida bai kai minti uku ba.

Maryse ta cire gilashin daga goshinta ta ajiye.

"Kai, Norbert. Allah wadaran halinka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Matar nan ta zuba mini shayi a ƙarƙashin zanen nan sau nawa? Ina yabonsa, tana cewa na gode." Ta ja numfashi, ta jawo fitila kusa. "To. Zagi ba zai ɗaga fenti ba. Ka shafa wa na ƙasan man sheƙi kafin ka ɗora wannan?"

"A'a."

"Wata nawa tsakaninsu?"

"Kwana ashirin."

"Kwana ashirin! Ai ko bushewa bai gama ba. Ka kankare shi tukuna?"

"Wuƙa na bi da ita sau biyu inda fentin ya yi kauri. Sauri nake."

"Sauri kake," ta maimaita. "Ku masu bin haske kullum sauri kuke, mu kuma mu ƙare rayuwa muna kwashe muku kashi. Saurara da kyau. Da ka shafa man, da akwai shamaki tsakaninsu, in bi a hankali in ɗauke na sama kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Amma ɗanye ka ɗora a kan ɗanye. Tare suka bushe, tare suka tsufa. Babu na sama babu na ƙasa yanzu, abu ɗaya ne."

"Ki gwada."

"Na faɗa maka."

"Maryse, don Allah. Ko wurin da bai kai farce ba. In gani da idona."

 Ta wanke hannu, ta mayar da gilashin, ta zaɓi wani wuri a gefe inda inuwar kujeru ta faɗa kan tsakuwa, inda ba kowa zai lura ba. Ta naɗa auduga a kan tsinke, ta tsoma a ƙaramar kwalba, ta fara murzawa a hankali. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar wani babur da ya wuce a waje. Audugar farko ta fito da toka-toka. Ta biyu ta fito da shuɗi. Ta ɗauki ƙaramar wuƙa irin ta likitocin fiɗa ta taɓa wurin, ta sake bi da auduga ta uku, sai ga ta da wani launi na ƙazanta, shuɗi ya cakuɗe da ja.

Norbert ya riƙe gefen tebur. Jan nan ya san shi. Shi ya haɗa shi da hannunsa, safiya goma sha ɗaya, yana ce mata ta daina motsa kafaɗa. Rabonsa da shi tun gashinsa yana baƙi.

"Duba nan," in ji Maryse, ta miƙa masa gilashin.

Ya duba. A cikin ɗan wurin da ta buɗe babu inuwa, babu riga. Zaren ƙyallen ne tsirara.

"Ka gani ko? Ko shekara ka ba ni, tsumma zan miƙa maka. Ka rasa tafkin, ita ma ka rasa ta." Ta jefa audugar a kwandon shara. "Akwai masu na'urar hoton ƙashi, wataƙila su nuna maka wata inuwa. Layinsu wata biyu ne. Kana da wata biyu?"

 Ta taimaka masa suka naɗe zanen. A bakin ƙofa ta gyara masa wuyan kwat, abin da ba ta taɓa yi ba tun suna ɗalibai.

"Je ka faɗa mata. Ba ni da wani sinadarin da ya wuce wannan."

Ba a shiga ganin marasa lafiya sai ƙarfe biyu. Ƙafafun Norbert, da ba su san wani wuri ba, suka kai shi Lambun Luxembourg. Rana ce mai daɗi, abin haushi. Ma'aikatan ofis sun jawo korayen kujerun ƙarfe sun miƙe ƙafa suna cin burodi daga takarda. Tsofaffi masu dara sun sunkuya a kan teburansu. A bakin tafki yara suna tura jiragensu da dogayen sanduna, iyaye suna ihun kada a faɗa ruwa, agwagi suna ratsawa ba ruwansu da kowa.

"Cazal! Ashe kana raye!"

Edmond ne, a wurinsa na kullum kusa da matakala, da ƙaton tumbinsa da akwatin fenti a buɗe. Edmond na zana tafkin nan sau uku a rana don baƙi masu yawon buɗe ido, ko ana rana ko ana ruwa sararin samansa shuɗi ne. Norbert ya yi shekara talatin yana raina aikinsa, yana kuma cin abincin rana tare da shi.

"Mako uku ban gan ka ba. Wani ɗan iska mai fentin ruwa ya kusa gaje maka wuri, da ƙyar na kore shi. Zauna. Ga cuku, ga burodi. Me ka rungumo haka kamar jariri?"

Wanda ya faɗi abu sau ɗaya, na biyu ba ya masa wuya. Norbert ya zauna, zanen a kan gwiwoyinsa, ya faɗa. Edmond ya daina tauna. Ya goge baki da bayan hannu.

"To ai ba a mutu ba," ya ce. "Kana da hannu, ina da kaya. Ga allo. Ga fentina mai bushewa kafin ka ƙifta ido. Awa guda ka gama. Mu shafa masa ruwan kofi ya yi duhun tsufa, ka kai mata ka ce daga Nantes. Wa ya mutu, wa ya tashi?"

"Za ta gane."

"Da maganin da suke ɗura mata? Haba, abokina. Ko ni ka zana ka sa mini jar riga ba za ta bambance ba."

Norbert ya ji maganar har cikin haƙoransa. Ya so ya mare shi. Amma Edmond ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ma ya yi ja, kuma ya riga ya ɗora sabon allo yana miƙo buroshi. Abin kunyar shi ne Norbert ya karɓa. Ƙarya ta arba'in da bakwai, ya ce a ransa, ta ƙarshe, kuma don ita ce ba don ni ba. Masu irin halinsa ba sa rasa dalili mai kyau.

Ya ba Edmond riƙon zanen, ya tsaya gaban allon. Ya haɗa ja, bai yi daidai ba amma ya yi kusa. Ya ɗora kafaɗa da wuya, hannunsa ya tafi da kansa. Ya ɗora duhun gashi. Sai ya zo wurin fuska, ya tsaya da buroshi a sama.

Ina girarta ta fara? Leɓenta na sama ne ya fi kauri ko na ƙasa? Akwai wani ɗan tabo, ya tabbata akwai, amma a wane kunci? Ya rufe ido ya neme ta. Ya ga Odile tana tahowa daga ƙofar lambun da kwandon abinci, daga nesa, jar alama a cikin kore. Ya ga Odile zaune a kujera ta juya baya tana karatu. Ya ga hularta ta bazara. Duk inda ya juya daga taku ashirin yake ganinta, inda ya saba tsayar da mutane don su zauna daidai a cikin zane. Ya buɗe ido ya ɗora ɗigo ɗaya mai ruwan hoda, kamar yadda yake yi wa kowa.

Daidai lokacin gajimare ya gusa, rana ta faɗa kan tafkin. Ruwan ya rabu biyu, rabi zinariya rabi kore mai duhu, farin ƙyallen wani jirgi kamar ya kama wuta a tsakiya. Idon Norbert ya tafi can ba da izininsa ba. Fari kaɗan, rawaya, ɗan ɗigon shuɗi a gindin jirgin. Ya gama haɗa launin duka a kansa, har ya san buroshin da zai ɗauka, kafin ya tuna abin da ya kawo shi gaban allon.

Ya ajiye buroshin. Kunya ce ta kama shi.

"Ya dai?" in ji Edmond. "Ci gaba mana, ai ka kamo ta."

"Ban kamo kowa ba. Wannan kowace mace ce a lambun nan." Ya goge hannunsa da tsumma. "Na san launin ruwan can a kowace awa ta kowane wata, Edmond. Ka tashe ni daga barci in haɗa maka. Ban san kuncin da tabon matata yake ba."

Edmond ya miƙe tsaye. Ya miƙa masa zanen da hannu biyu.

"Ka gaishe ta. Ka ce mata mai ƙaton ciki yana gaisuwa."

A hawa na huɗu na asibitin, ma'aikaciyar jinya ta tare shi a bakin ƙofa, ta kalli bargon.

"Sannu, Baba. Yau ta ɗan sha romo, kuma tun safe take tambayar ƙarfe nawa. Kada dai ka gajiyar da ita."

Odile tana kishingiɗe a kan matasai uku, robar ƙarin ruwa manne a bayan hannunta. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Amma idonta a buɗe yake tar, kuma kan bargon ya fara sauka kafin ya hau fuskar mijinta.

"Har ka dawo daga Nantes? Lallai jiragen ƙasa sun gyaru."

"Odile."

"Buɗe mana. Ko sai na biya kuɗin shiga?"

Ya jawo kujera ya jingina zanen a kanta, a ƙarshen gado inda za ta gani ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya kwance bargon. Tafkin ya bayyana a cikin farin ɗakin, da jiragensa, da matansa marasa fuska, da hasken wata Litinin da ta wuce tun kafin a haifi likitan da ke duba ta.

Ya tsaya a gefe. Duk hanya ya shirya maganar, ya san farkonta da ƙarshenta, amma da ya buɗe baki sai ta fito a karkace.

"Ban je Nantes ba. Babu komai a Nantes. Tun farko babu. Lokacin da kika tafi Limoges, ranar da aka yi ruwan nan, ban sami ƙyalle ba, sai na ɗauki naki. Kina ƙarƙashin wannan. Na kai wa Maryse yau ko za ta fito da ke, ta ce ba zai yiwu ba. Na ɓata shi, Odile. Na yi miki ƙarya shekara arba'in da shida."

Ta zuba wa zanen ido. A waje wani keken abinci ya wuce yana ƙara. Ya jira kuka, ko ta juya masa baya. Ya ma fi son ta zage shi.

"Tsayar da shi," ta ce.

"Me?"

"Tsayar da shi, na ce. Ni ba a kwance na zauna maka ba."

 Zanen mutum a tsaye ake yinsa, na fili a kwance. Ranar nan da ya isa bakin tafki sai da ya kwantar da ƙyallen kafin ya fara, kuma a kwance ya rataye a bangonsu tun daga lokacin. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Maryse.

Ya kama zanen ya juya shi zuwa dama.

"Ɗaya gefen. Ka mayar da kaina ƙasa."

Ya juya zuwa hagu. Tafkin ya miƙe tsaye, bishiyoyi suka kwanta, jiragen suka hau bango.

"Yauwa," ta ce. Ta ɗaga yatsa da ƙyar ta nuna. "Ga goshina nan, inda babban jirgin yake. Ga haɓata, wajen yarinyar mai sanda. Kunnena na hagu ya ɗan taso, wuƙarka ba ta same shi ba."

Norbert ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe?"

"Tun makon da na dawo. Wa yake goge masa ƙura, kai? Na bi shi da tsumma na ji kunnena a ƙarƙashin yatsana. Kuma a bayan katakon akwai ranar da ka gama zana ni, da rubutunka. Ko gogewa ba ka yi ba. Ƙaryar ma ba ka iya ta ba, Norbert."

"Kika yi shiru."

"Na yi kuka dai, kana lambu. Sannan na ce bari in ga ranar da zai faɗa da bakinsa. Na ce wata guda. Na ce shekara." Ta tsaya ta huta, ya ba ta ruwa a ƙaramin cokali. "Kowace shekara sai in tambayi Nantes, in ba ka ƙofa. Kai kuma sai ka kawo mini labarin mabuɗi."

"Ki yafe mini."

"Kada ka yi sauri. Kullum sauri." Ta rufe ido, ta sake buɗewa. "Zanen ba shi ya dame ni ba. Tafkin ya fi shi kyau, ni ma ina da ido. Ka sa mini wuya kamar na agwagwa a wancan. Abin da ya ci mini rai shi ne kwana goma sha ɗayan nan. Ba ka taɓa kallona haka ba, kafin su ko bayan su. Na ɗauka in ka faɗi gaskiya za ka ce in sake zama. Rigar ma na ajiye ta, har ta yi mini kaɗan."

 Ya kama hannunta, wanda babu robar, ya sunkuyar da kai. Ya yi kuka irin na tsofaffi, babu sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ta bar shi ya yi. Ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma janye hannun ba.

Can ta ce, "Akwai fensir a aljihunka?"

Akwai. Kullum akwai. Takarda ce babu, sai ta jerin abincin asibiti da ke kan ƙaramin tebur. Ya juya bayanta, ya ɗora a kan wani littafi.

"Ba ni da kwana goma sha ɗaya," ta ce. "Kuma zan yi barci a tsakiya. In na yi, ka ci gaba."

Ya miƙe don ya gyara wurin zama. Tagar ɗakin tana kallon ƙaramin lambun asibitin, rana ta fara karkata, ta ratsa ganyen bishiyoyi ta zuba a kan wani benci inda mata biyu masu fararen riguna suke shan kofi. Haske ne mai kyau ƙwarai, kuma ba zai wuce rabin awa ba.

Norbert ya jawo wata kujera ya juya ta, ya ba tagar baya. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen gadon.

"Kusa haka?" in ji Odile.

"Kusa haka. Daina motsa kafaɗa."